Hular da Ta Kwana Bakwai a Ruga

Wata ranar kasuwa ce da hantsi, a gidan kallon da ke bayan tashar Batsari, na fara ganinta. Ba kallo ya kai ni ba, inuwa na shiga nema, da ɗan littafin soyayyar da na karɓo haya a aljihu. Ina ɗaga kai sai ga wani mutum a talabijin yana saukowa daga wani irin jirgi, a wata ƙasar da babu ko ciyawa ɗaya, samaniyarta ja kamar garwashi. Ba a ganin fuskarsa. Kansa cikin wata hular kwano yake, ruwan toka, da siririn baƙin gilashi a wurin idanu, ga wata 'yar lotsewa a kuncin hagu. Turancin fim ɗin ban ji ko rabinsa ba, amma lotsewar nan ta hana ni sakat. Wa ya buge shi? A gaban wa ya tsaya har aka buge shi? Kafin in kai gida na riga na ba shi budurwa, na raɗa mata suna, na raba su, na sake haɗa su.

Ku samarin da kuke tsayawa bakin rumfata kuna ɗaukar hoto da waya, kuna cewa ai bokiti ne kawai aka kife aka fesa wa fenti, ku samu wuri ku zauna. Bokitin gaskiya ne, ban musa ba. Sauran ne ba ku sani ba.

Lokacin nan ina aiki ƙarƙashin Baba Garba mai fenti, mutumin Safana ne da ya kafa rumfa a Batsari, yana fesa tankin babur da jikin a-kori-kura. Matarsa ta rasu da daɗewa, 'ya'ya duk sun yi aure, rumfar nan ita ce gidansa na rana. Shekara uku na yi a hannunsa kafin ya bar ni in riƙe bindigar feshi. Guga da samfefa kawai, daga mai kaushi zuwa mai laushi, har zanen yatsuna ya shafe. Idan na ce na gama, sai ya rufe ido ya bi ƙarfen da tafin hannu.

"Lawal, akwai tudu a nan."

"Baba, ni ban ga komai ba."

"Ai ba ce maka na yi ka duba ba. Taɓa."

A wurinsa aiki mai kyau shi ne wanda mutum zai ga haƙoransa a ciki. Ƙura ɗaya ta faɗa a ɗanyen fenti, sai a goge a sake.

Hular farko da na haɗa, bokitin wanka na gidanmu ne, har yau matata Rabi tana yi mani gorinsa. Ga yadda ake yi. Za ka auna kan mutum da zare, ka zana fasalin a takardar buhun siminti, ka yanka, ka gwada a kanka har sai ta zauna. Sannan ka yanke gindin bokiti, ka gasa robar a saman garwashi daga nesa, tana yin laushi ka matse ta ta bi tsawon fuska, don kan ɗan Adam ba zagayayye ba ne kamar bakin rijiya. Ƙoƙon sama da tsohuwar hular 'yan acaɓa nake yi. Kumatu da kunnuwa kuwa robar silifa ce, a yanka da reza a manna da gam. Bayan nan sai fila, wannan kwaɓin da masu gyaran jikin mota suke cike rami da shi. Ka shafa, ta bushe, ka goge, ka sake shafawa. Wurin idanu gorar ruwa nake yankawa in liƙa mata baƙar ledar gilashin mota. Kada ka manta da ramukan iska a ƙarƙashin haɓa. Ni na manta a ta farko, na sa ta na fito tsakar gida ina tafiyar jarumai, kafin in kai bakin rijiya numfashina ya rufe gilashin, na yi karo da turmi.

Baba Garba ya bar mani kusurwa ɗaya a rumfarsa, ba don abin ya burge shi ba. Hula uku na yi a nan, masu ƙyalli kamar sabon kwanon amarya, ba wanda ya taya ko ɗaya. Har ran da wani mai shirya fim daga Katsina, Darakta Nasiru, ya zo duba duwatsun bayan gari. Fim yake son yi na wasu baƙi daga wata duniya, ya ce duwatsunmu sun yi mashi. Ya tsaya shan iska a rumfarmu, ya ɗauki hula ɗaya yana jujjuyawa.

"Hannunka yana da kyau, malam," in ji shi. "Amma mutanena shekara ashirin suka yi suna yawo a sama. Wannan kuwa kamar yau aka ciro ta daga leda. Ka tsufar mani da ita. Kasuwa biyu masu zuwa zan dawo. In na yarda an taɓa sa ta, ina son goma sha biyu. In ban yarda ba, Kano zan nufa."

Yana tafiya Baba Garba ya ajiye buroshi. "Ka ji dai. In ya karɓa, kusurwar nan taka ce, har alli zan ja maka. In bai karɓa ba, ka kwashe bokitanka, tankuna suna jiran wuri." Ya sake ɗaukar buroshinsa. "Wai mutum ya yi fenti mai kyau sannan ya ɓata shi da hannunsa. Allah ya shirya."

Ni kuwa daɗi na ji, don a ganina aikin nan nawa ne. Na zauna na tsara labarin jarumin tsaf, yadda na saba gani a littattafai. Na ɗauki wuƙa na ja dogon zane daga goshi zuwa kunci, ranar da ya tare wa masoyiyarsa sara ke nan. Na ƙona gefe ɗaya da kyandir, ranar da ya shiga wuta ya ɗauko ta. Na yi tabo uku a jere a ƙeya, aikin 'yan'uwanta da ba sa son auren. Na kwaɓa baƙin fenti na yayyafa ko'ina. Kwana biyar na yi ina wannan, ina gamawa na ɗora ta kan benci ina kallonta kamar in yi kuka.

A nan Inna Hajjo ta same ni. Bafulatana ce daga wata ruga ta wajen Runka, duk ranar kasuwa takan sauke ƙwaryar nononta a gindin dalbejiyar da ke gaban rumfarmu. Ita da Baba Garba ba sa haɗuwa ba su yi ba. Yana ce mata ta tsuga wa nono ruwa, tana ce mashi warin fentinsa yana tsinka mata kindirmo. Ranar, bayan mun gaisa, an tambayi shanu da mutan gida da gajiyar hanya, sai ta hangi hular. Ta matso, ta duƙa, ta daɗe tana dubawa. Sai ta kama dariya har tana riƙe ciki.

"Kaɗo, wane ne mai wagga hula?"

Na gyara zama na ba ta labarin tun daga farko, har da sunan budurwar.

"To, na ji," ta ce. "Shi mutumin naka ba ya cin abinci?"

"Yana ci mana, Inna."

"Da hular a kai?"

"A'a, cirewa yake."

"Da wane hannu? Ina ya kama? In ya cire, a ina yake ajiyewa? Ba ya zufa? Ruwa bai taɓa dukansa ba? Shekara ashirin ba abin da yake yi sai faɗa a kan 'yar mutane?"

Baba Garba yana daga ciki yana dariya ƙasa-ƙasa. Wannan ne karo na farko da na ga sun tsaya gefe ɗaya.

Ta kwance wani ƙulli a cikin kayanta ta fito da wata ƙaramar ƙwarya, ba ta awo ba, tsohuwa ce da ta yi ja har ta koma ruwan zuma, gyartai ya ɗinke ta wuri biyu. Ta miƙo mani. "Duba gindinta." Ya goge ya yi fari, inda take zama a ƙasa. "Duba baki." A gefe ɗaya akwai wani ɗan gurbi mai santsi, baƙi, ya ɗan lotsa kamar an danna ɗanyen tuwo.

"Babban yatsan maigidana Jauro ne, Allah ya jiƙansa. Shekara talatin da wani abu a nan yake kamawa in zai sha fura. Bai taɓa kamawa a wani wuri ba. Ko sau ɗaya ba a sare ta da takobi ba, amma kowa ya gani ya san tana da mai ita."

Na sa yatsana a gurbin. Ya fi nawa faɗi.

"Ba ni ita," ta ce, tana nuna hular. "Kasuwa mai zuwa in kawo maka."

Ku lura, ita kaɗai gare ni. Sauran biyun na riga na farke su na yi gwaji da su, kuma sabuwa ba ta haɗuwa a ƙasa da kwana goma. Baba Garba ya ce, "In ka ba ta, da kindirmo a ciki za ta dawo." Amma gurbin yatsan nan ya riga ya shiga raina. Na roƙi kwana ɗaya. Na cike zanen wuƙar da sauran tabon da fila, na bar guntun zane guda ɗaya tak a kunci, na fesa ruwan azurfa a ƙasa, ruwan toka a sama. Washegari wani ɗan acaɓa da ke bin hanyar Runka ya kai mata.

Kwana bakwai ɗin nan ban yi aikin kirki ba. Na fesa wa wani mutumin Wagini tankin babur shuɗi alhali ja ya ce. Rabi ta ce ko lokacin da nake neman aurenta ban rame haka ba. Ranar kasuwa ta zo, hantsi ya yi, masu nono duk sun sauke kaya, babu Inna Hajjo. Motar Darakta ta tsaya. Aka gaisa, aka kawo ruwa, na shiga ba shi labarin duwatsu, da wanda aka ce akwai aljanu, da wanda babu. Ya duba agogo.

"Malam Lawal, hula na zo gani."

"Tana hanya, ranka ya daɗe."

"Hanya? Ina ta je?"

Baba Garba ya ce, "Kiwo."

Sai ga ta nan tafe, ba gaggawa, ƙwarya a kai, hular a saman faifai kamar tulu. Wai rafi ne ya kawo ruwa, sai da suka jira ya janye. Ta sauke, ta gaida kowa ɗaya bayan ɗaya har ta gama, sannan ta miƙa wa Darakta.

Ban gane hulata ba. Ashe ɗanta Buba ta ba, magidanci ne mai bin shanu, ta ce ya sa ta kamar malafarsa. Ranar farko shanun suka watse da suka gan shi, sai da ya cire ya kira su da suna. Ya sa, ya cire, ya kife ta kan dutse in zai yi salla, ya rataye a sanda, ƙaya ta ja ta, ruwan sama ya dake ta sau biyu. Da yamma kuma Inna ta rataye ta saman murhu. Ƙoƙon sama ya goge daidai inda yake taɓa dutse, azurfar ta leƙo. Jar ƙasa ta shige kowane lungu ta zauna. Hayaƙi ya bi gefen kunnuwa ya yi duhu a hankali, ba yayyafi irin nawa ba. A ƙarƙashin haɓa ta dama kuwa, inda Buba yake kamawa ya cire, ga wuri ya yi santsi yana ɗan ƙyalli, ta ƙara mashi da man shanu. Zanen nan nawa guda ɗaya na kunci, da ya samu datti ya kwanta a ciki, sai ya zama kamar tsohon tabo na gaske.

Darakta ya juya ta, ya sake juyawa. Ya kai hanci, ya janye da sauri.

"Wannan warin fa?"

"Warin mai ita ne," in ji Inna Hajjo.

Ya daure ya sa a kansa, ya leƙa madubin babur. Ya daɗe a haka. Daga cikin hular muka ji muryarsa. "Goma sha biyu. Amma don Allah ban da man shanu."

A ranar Baba Garba ya ɗauko alli ya ja layi a ƙasa, ya ba ni har da rabin benci. Ya sayi nonon Inna Hajjo gaba ɗaya, yana sha yana cewa ruwa ya yi yawa.

Hula goma sha biyu ba za su tafi kiwo ba, lokaci ba zai isa ba. Dole na koyi yin abin da ruga ta yi, da hannu. Wannan shi ne ainihin sana'ar, kuma shi ne ba ku gani a waya. Azurfa a ƙasa tukuna. Inda kake son fenti ya ɓare, ka ɗiga man goge baki da tsinke, ka fesa launi a kai, in ya bushe ka murje, sai ya ɓare da baki mai tsage-tsage irin na gaske. Ka tsinka baƙin fenti ya zama ruwa-ruwa, ka shafe hular duka, ka bi da tsumma kafin ya bushe, abin da ya maƙale a lungu ka bar shi. Ka taɓa buroshi a azurfa, ka goge shi a kwali har ya kusa bushewa, ka bi kaifin gefuna kaɗai. Kunkunniyar madafa ta fi kowane baƙin fenti yin hayaƙi. Tsatsa kuwa, ƙusoshi nake jiƙawa a ruwan tsami, kuma tsatsa ƙasa take gangarowa, ba ta hawa sama. Duk ranar kasuwa Inna Hajjo tana gindin dalbejiya, ina miƙo mata tana dubawa.

"Wannan bahago ne?"

"A'a."

"To me ya kai gurbin hagu?"

Wata rana ta ce, "Su goma sha biyun uwa ɗaya ta haife su? Ka sa ɗaya ya zama ƙazami mana, ɗaya kuma mai tsafta, mai goge tasa kullum." Ban daina tsara masu labarin soyayya ba, kada ku ɗauka na tuba. Sai dai yanzu nakan fara da tambayar inda jarumin yake ajiye hularsa in zai ci tuwo.

Da fim ɗin ya fito, a gidan kallon nan na bayan tasha muka gan shi. Inna Hajjo ta zauna a bakin ƙofa da mayafinta har aka gama. Da muka fito ta ce na ukun daga dama ya riƙe tasa ba daidai ba.

Sai shekarar da hanya ta lalace. Ba sai na faɗa maku ba, kun san ta, wasunku a cikinta aka yaye ku daga makaranta. Masu fim suka daina zuwa duwatsu. Rufe fuska ya zama abin tsoro, na kwashe huluna na zuba a buhu na tura ƙarƙashin gado. Wata safiya wani ɗan sa-kai daga Zakka ya zo har gida, mutumin kirki, na san mahaifinsa. Ya ga hoton hular, yana son guda ya riƙa sawa in sun fita sintiri. Na ce mashi roba ce. Ya ce ina dai yi mashi rowa, ga tsatsa nan yana gani da idonsa. Na yi rantsuwa, bai yarda ba. Da na ga da gaske zai sa kansa a ciki ya tari harsashi, sai na ɗauko wadda na fi so, na ɗora kan turmi, na ɗaga taɓaryar Rabi na sauke mata. Ta tarwatse, ga shuɗin bokiti a fili. Ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Allah ya isa tsakanina da fentinka," muka yi dariya mu duka. Ban taɓa jin daɗin fasa aikina ba sai ranar.

A shekarar ne rugarsu Inna Hajjo ta tashi. Buba ya kora abin da ya rage na shanu ya yi kudu. Ita ta ce ƙafarta ba za ta kai ba, ta shigo Batsari wurin wata 'yar ƙanwarta, da tabarma da ƙullin kaya ɗaya. Ƙwaryar Jauro tana ciki. Ba nonon sayarwa, amma ranar kasuwa sai ga ta a gindin dalbejiya, wai ta saba. Na koma fesa tankuna. A hankali kuma sai waya ta fara kawo aiki daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba, masu wasan kwaikwayo, masu ɗaukar hoto, da waɗanda kawai suke son su ajiye a ɗaki. In naɗe a kwali in ba direba. Na ce wa Inna Hajjo ta riƙa zuwa kullum, aikin dubawa nata ne, da rabonta a kowace hula. Har yau babu wadda take fita rumfar nan sai ta murza mata babban yatsa a ƙarƙashin haɓa.

Kullum ɗin nan ce ta jawo abin da ya faru. Faɗan da suke yi da Baba Garba sau ɗaya a mako ya koma na kowace rana. Yau ta ce shayinsa ruwan wanki ne, gobe ya ce ta cika mashi rumfa da surutu. Ran nan ba ta zo ba, zazzaɓi ya kama ta, sai na ga tsoho ya kasa zama, ya fesa tanki ɗaya sau uku. Bayan sallar la'asar ya sa babbar riga ya ce zai je duba wani aiki. Da ƙullin goro a hannu.

Na karanta littattafan soyayya sun fi buhu, ban taɓa cin karo da wanda jarumin yake da furfura da fenti a farce ba, jarumar kuma tana kiransa Kaɗo. An ɗaura auren bayan kaka, a Safana, a ƙofar gidan yayansa. Yanzu shekara huɗu ke nan. Ya bar mani rumfar, yana zuwa dai ya zauna ya ce akwai tudu a nan.

Ƙwaryar Jauro tana rataye a ɗakinta, ba mai shan komai a ciki. Ranar da ta tare, sabuwa fil ta saya mashi a kasuwa, fara tas, ta dama fura ta miƙa mashi. Ya ce, "Wannan ai ba ta da ko tarihi." Ta ce, "Sai ka yi mata."

Makon jiya na je gaishe su, ta kawo mana fura, shi a tasa. Da ya ajiye na faki idonsa na ɗauka na duba bakin. A gefen dama wuri ya fara duhu, ɗan kaɗan, sai an karkata ta wajen haske ake gani. Inna Hajjo ta kama ni ina dubawa.

"Ajiye mashi kayansa," ta ce. "Da saura tukuna."